Adalci da Amanar Kuɗi a Hidimar Kirista ta Farko: Sharhi a kan Ma'aunin Manzanni da Aikin Mishan a Ƙasar Hausa

1.0 Gabatarwa

Wanda duk ya karanta littattafan da Turawan mishan suka rubuta game da aikinsu a ƙasar Hausa da maƙwabtanta, zai lura cewa maganar kuɗi ba ɓoyayya ba ce a cikinsu. Zai ga labarin ƙuncin da aka sha a farkon zuwa, da yadda taimako ya riƙa isowa a kan kari daga Ingila da Kanada da Amurka, da kuma godiyar da ake yi wa masu ba da gudummawa. Irin wannan zance yana da yawa a littafin Rowland Bingham da aka wallafa a 1943 a kan cikar ƙungiyarsa ta S.I.M. shekara 50, haka kuma a mujallun da ƙungiyoyin mishan suke aika wa magoya bayansu. Amma akwai wasu tambayoyi da mai karatu Bahaushe zai so ya ji amsarsu, waɗanda da wuya ya same su a can: nawa ake biyan malami ɗan ƙasa da ya yi tafinta ya kuma yi wa'azi, wane ne ya yanke masa wannan lada, kuma in yana da kuka, gaban wa zai kai shi?

Manufar wannan takarda ita ce a auna wancan aiki, da rubuce-rubucen da aka yi a kansa, da ma'aunin da su masu aikin suka yarda da shi, watau littattafan Kirista na ƙarni uku na farko. Za a fara da fito da wannan ma'auni, tare da nuna inda shi kansa yake da rauni. Sa'an nan a ɗora shi a kan al'amura biyu: rikicin kwamitin kuɗi na C.M.S. a Anaca a 1890, wanda masu niyyar shiga ƙasar Hausa suka tayar, da kuma tsarin kuɗin S.I.M. a Lardin Kano, wanda ƙasar Haɗeja take cikinsa a wancan zamani. Ra'ayin da takardar za ta kare shi ne, 'yan mishan sun riƙe amanar kuɗi ta fuskar waɗanda suka ba su, amma sun yi sakaci da adalci ta fuskar waɗanda suka yi aiki tare da su, alhali kuwa littattafan da suka zo da su ba su raba waɗannan abubuwa biyu ba.

2.0 Amana da Adalci

Ya kamata tun da fari a bambance kalmomin nan biyu, don sau da yawa akan haɗa su kamar abu ɗaya ne. Amana ita ce a ba mutum ajiya ya mayar da ita yadda aka ba shi, ko ya kai ta inda aka aike shi, ba ragi ba ƙari. Adalci kuwa rabo ya shafa, watau wa ya samu, wa ya rasa, wa kuma ya yi rabon. Mutum yana iya zama amintaccen ma'aji, ba ko anini da ya ɓata a littafinsa, amma rabon da ake yi ta hannunsa ya zama na danniya.

Mutanen Baturiya da sauran garuruwan fadamar kogin Haɗeja sun san wannan bambanci ba sai an yi musu dogon bayani ba. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, da ta Calawa a 1992, ambaliyar da noman shinkafarsu da sunsu da kiwonsu suka dogara a kanta ta rataya ga masu buɗe ƙofar ruwa a can sama. Mai tsaron madatsa yana iya ba hukumar da ta sa shi cikakken lissafin ruwan da ya saki, amma wannan lissafi ba zai gaya wa masunci na Baturiya ko an tuna da shi sa'ad da ake rabon ba. To, a wannan takarda, lissafin da ake kai wa na sama shi muke kira amana, haƙƙin na ƙasa kuma shi muke kira adalci.

3.0 Ma'aunin Rubuce-rubucen Farko

3.1 Kukan matan da mazansu suka mutu

Littafin Ayyukan Manzanni, wanda ake danganta wa Luka, ya ba da labarin cewa jama'ar Kirista ta farko a Urushalima sukan sayar da gonaki da gidaje su kawo kuɗin gaban manzanni, a raba wa kowa gwargwadon bukatarsa. A sura ta 5 aka kawo labarin Hananiya da matarsa Safiratu, waɗanda suka sayar da gona suka ɓoye wani kashi na kuɗin, suka nuna kamar duka suka kawo. Abin lura a nan shi ne, Bitrus ya bayyana cewa gonar tasu ce, kuɗin ma nasu ne, ba wanda ya tilasta musu bayarwa. Laifinsu shi ne ƙarya a cikin lissafi. Wannan babin amana ke nan, kuma shi ne masu wa'azi suka fi ambato.

Sura ta 6 kuwa babin adalci ce. A can ba a zargi kowa da sata ba. Yahudawa masu magana da Helenanci ne suka yi gunaguni cewa ana tsallake matansu da mazansu suka mutu a rabon abinci na kullum, ana fifita na 'yan ƙasa. Yadda aka warware matsalar shi ne abin nazari. Manzanni ba su musa kukan ba, ba su kuma shiga binciken halin masu kukan ba. Sun tara jama'a suka ce ta zaɓi mutum 7, su kuma suka janye hannunsu daga rabon. Dukan mutanen nan 7 sunayen Helenawa gare su, irin su Istifanas da Filibus, har ma ɗayansu, Nikolas mutumin Antakiya, asalinsa ba Bayahude ba ne. Masu sharhi da dama sun fahimci cewa ɓangaren da ya yi kuka shi aka miƙa wa jakar kuɗin. Gaskiya ne suna kaɗai bai isa hujja ba, tun da akwai masu sunan Helenawa har cikin almajirai 12. Amma abu ɗaya ba ya da shakka a cikin nassin: jama'a ce ta yi zaɓen, shugabanni suka tabbatar.

3.2 Gudummawar Bulus

A cikin shekarun 50 na Miladiyya, Bulus ya ɗauki shekaru yana tara gudummawa daga ikilisiyoyin Galatiya da Makidoniya da Akaya domin matalautan Urushalima. Wasiƙunsa sun nuna cewa bai tsira daga zargi ba. A sura ta 12 ta wasiƙarsa ta biyu ga Korantiyawa ana jin amon wata tuhuma, cewa ko da yake ya ƙi karɓar lada a fili, yana sana'arsa ta ɗinkin tanti, amma ya yi musu wayo ta hannun manzanninsa. Bulus bai tsaya ga rantsuwa da kyawun niyyarsa ba, sai ya kafa tsari. Ya ce kowa ya riƙa ware abin da ya iya a ranar farko ta mako, don kada a yi tarin gaggawa sa'ad da ya zo. Ya ce su da kansu su zaɓi waɗanda za su kai kuɗin. Ya aiki Titus tare da wasu 'yan'uwa biyu, ɗaya daga cikinsu ikilisiyoyi ne suka naɗa shi, ya kuma bayyana dalili, cewa yana so al'amarin ya zama mai tsabta a idon mutane kamar yadda yake a gaban Ubangiji. Hausawa sun ce in kana da kyau ka ƙara da wanka. A sura ta 20 ta Ayyukan Manzanni an lissafa mutum 7 daga Biriya da Tasalonika da Darba da Asiya da suka raka shi a wannan tafiya, waɗanda masana da yawa suke ɗauka wakilan masu gudummawar ne.

Daɗin daɗawa, Bulus ya ambaci maƙasudin tarin da kalma guda ta Helenanci wadda ma'anarta daidaito. Ya kafa hujja da labarin manna a jeji, inda wanda ya tara da yawa bai yi rara ba, wanda ya tara kaɗan kuma bai rasa ba. A ganinsa yalwar wannan ita za ta cike rashin wancan a yau, gobe kuma abin ya juya. Ke nan mai bayarwa bai zama ubangidan mai karɓa ba. A wasiƙarsa ga Romawa har ya kira gudummawar bashi ne da ake biya.

3.3 Bayan manzanni

Wani ɗan littafi mai suna Didake, watau Koyarwa, wanda aka gano a wani ɗakin littattafai a Istambul a 1873 aka buga shi a 1883, ya ƙunshi dokokin da wasu ikilisiyoyi suka bi wajen ƙarshen ƙarni na 1. A cikinsa an ce mai wa'azi baƙo ya kwana ɗaya ko biyu, in ya kai uku to maƙaryaci ne, kuma in zai tashi guzurin abinci kawai zai ɗauka, in ya roƙi kuɗi an gane shi. A ƙarni na 2, Bolikarbus na Samirna ya rubuta wa ikilisiyar Filibi game da wani dattijonta mai suna Balens, wanda ya rasa muƙaminsa saboda kwaɗayin dukiya. Ya yi tir da laifin, amma ya gargaɗe su kada su ɗauki mutumin da matarsa abokan gaba, su nemi komo da su. Wajen shekara ta 150, Yustinu ya bayyana yadda ake tara baiko ran Lahadi a Roma domin marayu da marasa lafiya da fursunoni da baƙi. A Afirka ta Arewa, wajen 253, Sifiriyan bishop na Kartaj ya aika da kuɗin Rum sastar 100,000 don fansar waɗanda aka kama a Numidiya, ya haɗa da sunayen waɗanda suka bayar.

3.4 Raunin ma'aunin

Bai kamata a ɗauki waɗannan littattafai kamar hoton zamanin da ba shi da aibi ba. Luka marubuci ne mai son nuna haɗin kai, shi ya sa ya taƙaita rikicin rabon abinci a 'yan ayoyi, bai kuma bari mun ji muryar ko mace ɗaya daga cikin matan da aka tsallake ba. Gudummawar da ta cinye wa Bulus shekaru, Luka da ƙyar ya ambace ta a sura ta 24. Didake kuma ya tsananta wa baƙo mai yawo, wanda ba shi da komai sai sandarsa, fiye da yadda ya sa ido a kan mazaunin gida da ke riƙe da rumbu. Tun a bayanin Yustinu ma ana ganin kuɗin ya koma hannun shugaba shi kaɗai. A 251 ikilisiyar Roma tana ciyar da mabukata fiye da 1,500, kamar yadda wasiƙar bishop Karniliyus ta nuna, kuma a wannan shekara rikicin da ya raba ikilisiyar Kartaj ya haɗa da gardama a kan wanda yake da ikon raba taimako. Watau zamewa daga zaɓen jama'a zuwa ikon mutum ɗaya tsohuwar cuta ce. Duk da haka ana iya fitar da sharuɗɗa huɗu daga waɗannan nassoshi: a saurari mai kuka a kuma sa shi cikin rabo, jama'a ta zaɓi shaidun kuɗi, manufa ta zama daidaito, mai laifi a hukunta shi ba tare da an tozarta shi ba.

4.0 Kwamitin Kuɗi na Anaca, 1890

Ƙungiyar C.M.S. ta kafa aikinta a bakin Kwara a 1857 a ƙarƙashin Samuel Ajayi Crowther, wanda aka naɗa bishop a 1864. Ma'aikatansa 'yan Afirka ne, galibinsu daga Saliyo, kuma tasharsu ta Lakwaja ita ce ƙofar da ake fata za a bi a shiga ƙasar Hausa. Wannan tsari ya samo asali daga ra'ayin Henry Venn, sakataren ƙungiyar daga 1841 zuwa 1872, wanda ya ce ikilisiya sai ta ciyar da kanta, ta mulki kanta, ta kuma yaɗa kanta.

Bayan rasuwar Venn iska ta juya, kuma ta hanyar kuɗi ta fara juyawa. A 1878 aka kawo wa aikin jirgin ruwa, aka sa wani Bature, J. H. Ashcroft, ya kula da shi da sauran harkokin dukiya. Daga nan aka kafa kwamitin kuɗi. Wajen 1880 aka aiki J. B. Wood ya binciki tashoshin, ya rubuta rahoto mai cike da tuhuma, wanda aka yi aiki da shi a Landan ba tare da an ba waɗanda ake tuhuma damar kare kansu yadda ya kamata ba. A lokacin nan ne kuma kamfanin George Goldie, wanda ya sami izinin sarauta a 1886, yake korar 'yan kasuwar Saliyo da Ikko daga cinikin kogin, waɗanda da yawansu dangi ne ko abokan ma'aikatan Crowther.

Wajibi ne a faɗi gaskiya a nan. Ba dukan tuhumar ce ƙage ba. An sami ma'aikatan da suka shiga ciniki, an kuma sami laifuffuka masu muni, har da na kisan wata yarinya a Anaca, wanda aka yi shari'arsa a Saliyo. Crowther kansa mutum ne mai sanyin hali, mai jinkirin hukunci, ga tsufa, ga nisan tashoshi. Su kuma samarin da suka zo a 1890 da niyyar kai bishara ƙasar Hausa, watau J. A. Robinson da Graham Wilmot Brooke da abokansu, ba makwaɗaita ba ne. Sun sa rigunan Hausawa, sun koyi harshe, kuma dukansu biyu a Lakwaja suka mutu, Robinson a 1891, Brooke a 1892. Ta fuskar amana babu abin da za a ce da su.

Amma a dubi abin da ya faru a zaman kwamitin kuɗi a Anaca cikin watan Agusta na 1890. A gaban bishop, wanda ya haura shekara 80 kuma shi ne shugaban zaman, Turawan kwamitin suka bi ma'aikata ɗaya bayan ɗaya da tuhuma, sakataren kwamitin F. N. Eden ya dakatar da ɗan bishop ɗin, Dandeson Crowther, daga aikinsa. Kafin ƙura ta lafa an kori ko an dakatar da mafi yawan manyan ma'aikata 'yan Afirka, an kuma rufe makarantar horar da ma'aikata ta Lakwaja. Crowther ya ajiye kujerar kwamitin, ya rasu ran 31 ga Disamba 1891, aka maye gurbinsa da Bature.

In aka ɗora wannan a kan sharuɗɗan nan huɗu, za a ga an saɓa musu duka. A Urushalima shugabanni sun saki jaka suka miƙa wa jama'a, a Anaca kuwa an karɓe ta daga 'yan ƙasa, sa'an nan mai riƙe da ita ya zama alƙalin imanin mutane, domin kwamitin da sunansa na kuɗi ne shi ya yanke wanda ya cancanci limanci. Bulus ya bar masu bayarwa su zaɓi masu sa masa ido, amma a nan masu bincike su ne masu ƙara, su ne masu hukunci, ba kuwa wanda ikilisiyoyin Kwara suka zaɓa a cikinsu. Game da daidaito, ba a ɗora albashin ma'aikaci baƙar fata kusa da abin da ake kashe wa Bature a tambaya ko bambancin yana cikin dalilan da suka tura wasu ga ciniki ba. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Sassaucin Bolikarbus kuwa babu ko ƙanshinsa. Amsar da ikilisiyoyin bakin teku suka bayar ita ma ta kuɗi ce: a 1892 suka ware a ƙarƙashin Dandeson Crowther suka ɗauki nauyin kansu. Sai a 2014 Akbishop na Kantabari, Justin Welby, ya bayyana nadama a fili a kan abin da aka yi wa Crowther.

Marubuta sun kasu a kan wannan al'amari. Tarihin C.M.S. da Eugene Stock ya wallafa a 1899 ya kalle shi daga tagar ƙungiya. J. F. Ade Ajayi a 1965, da E. A. Ayandele a 1966, suka fito da wariyar launi da gasar ciniki da ke ƙarƙashinsa, kuma sun yi babban aiki. Sai dai in aka tsaya ga cewa rikicin fari da baƙi ne kawai, za a zaci tafiyar Bature ta kashe maganar. Alhali tambayar wa ke zaɓen ma'aji, wa ke duba littafinsa, tana nan ko da kowa a ɗakin launinsa ɗaya.

5.0 Lardin Kano da Asusun S.I.M.

Niyyar da Robinson da Brooke suka mutu a kanta ita ce Bishop Tugwell da Likita Walter Miller suka ɗauko, har suka isa Kano a 1900, Sarki Alu ya sallame su. Miller ya zauna a Zariya daga 1905, daga baya aikin ya koma Wusasa, aka kuma buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa a 1932. Ke nan tun daga wannan shekara kowane Bahaushe mai karatun boko yana iya karanta sura ta 6 ta Ayyukan Manzanni da harshensa, ya auna abin da yake gani da ita. Amma gwamnatin mulkin mallaka ta daɗe tana taƙaita shigar mishan masarautun Musulmi, ciki har da Haɗeja, wadda Turawa suka ci da yaƙi a watan Afrilu na 1906. Sai a shekarun 1930 ƙofa ta ɗan buɗe wa S.I.M., ƙungiyar da Bingham da abokansa biyu suka fara a 1893. A sannu ta kafa tashoshi a Lardin Kano, irin su Roni, da Garun Gabas a ƙasar Haɗeja.

Tsarin kuɗin S.I.M. ya bambanta da na C.M.S. Ba ta yi wa ma'aikatanta alkawarin albashi tsayayye ba. Abin da ya shigo akan zuba shi a asusu ɗaya a raba tsakanin 'yan mishan, don kada mai magoya baya masu arziki ya fi wanda ba shi da su. Wannan abin yabo ne, kuma shi ne abu mafi kusa da daidaiton Bulus da aka gani a tarihin mishan a nan. Matsalar ita ce inda aka ja iyakar da'irar. Mai bishara ɗan ƙasa ba ya cikin asusun, domin ƙa'idar ƙungiyar ita ce ikilisiyar gida ta ɗauki nauyin nata. Ƙa'idar tana da hujja mai ƙarfi, musamman a ƙasar da ake saurin cewa wanda ya bi mishan don abin duniya ya bi. Ta kuma haifi abin kirki, tun da ikilisiyoyin suka kafa ƙungiyarsu ta aika masu bishara da kuɗinsu. Amma ra'ayin Venn murhu ne mai duwatsu uku. An ɗora wa 'yan ƙasa dutsen ciyar da kai da na yaɗa kai tun da wuri, na mulkin kai kuwa ya yi jinkiri. An kafa E.C.W.A. a 1954, amma sai a 1976 S.I.M. ta miƙa mata ragamar sauran ayyuka da kadarori, watau bayan shekara 22.

Inda maganar adalci ta fi fitowa fili shi ne zangunan kutare. Daga 1937 S.I.M. ta karɓi kula da manyan zanguna na larduna, watau Yadakunya a Kano, da Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a Sakkwato. Dukiyar da ta tafiyar da su daga kafa uku take: baitulmalin En'e, wanda harajin talakawa da jangalin makiyaya suka cika, galibinsu kuwa Musulmi ne, da gudummawar ƙungiyoyin yaƙi da kuturta na Ingila da Amurka, da kuma gumin majinyatan kansu a gonakin zango. Ba mai musun alherin da aka yi a waɗannan wurare, inda aka karɓi mutanen da danginsu ma suke gudu. Amma lissafi ya tafi wajen Razdan da hukumar En'e da ofisoshin ƙasashen waje. Manomin da ya biya haraji, da majinyacin da ya yi noma, da malamin asibiti ɗan ƙasa da ya yi allura ya wanke miki, ba su da kujera a inda ake yanke shawara. Littafin Shobana Shankar na 2014 a kan asalin Kiristanci a Arewa ya nuna irin nauyin aikin da waɗannan ma'aikata 'yan ƙasa suka ɗauka, na Barbara Cooper na 2006 kuma ya nuna yadda Kiristocin Maraɗi suka daɗe suna jin cewa mishan ta tauye su wajen ilmin zamani da zai ba su abin dogaro da kai. Ƙimar waɗannan littattafai biyu ita ce sun juya tambayar daga abin da aka kashe zuwa wanda aka saurara.

6.0 Kammalawa

An yi ƙoƙari a wannan takarda a nuna cewa rubuce-rubucen Kirista na farko, duk da rauninsu, sun haɗa amana da adalci a igiya ɗaya, kuma aikin mishan da ya nufo ƙasar Hausa ya fi riƙe bakin igiyar da ke wajen masu bayarwa. A Anaca an yi amfani da sunan tsabtar kuɗi aka ƙwace iko, a Lardin Kano kuma an yi daidaito na gaskiya amma a cikin ƙaramar da'ira. Littattafan 'yan mishan sun gaji wannan karkata, domin masu ba da gudummawa aka rubuta wa su, ba ma'aikata ba.

Wannan magana ba ta tsaya ga Kirista kaɗai ba. Musulunci ya sa masu aikin tara zakka cikin kashi 8 na masu haƙƙi a cikinta, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya soki haramtattun kuɗaɗen da sarakuna ke karɓa a Kitabul Farƙi, ɗan'uwansa Abdullahi kuma ya rubuta wa mutanen Kano Liya'ul Hukkami, inda ya yi bayanin haƙƙoƙin baitulmali. Kwamitin masallaci, da majalisar dattawan ikilisiya, da ƙungiyar masunta ko ta manoman fadama da ke karɓar tallafi daga waje, duk tambayoyin nan huɗu suna jiransu: wa ya yi kuka aka saurare shi, wa ya zaɓi masu duba littafi, ina iyakar da'irar rabo, kuma yaya aka yi da wanda ya kasa?

A ƙarshe ana ba masu nazari shawara su haɗa takardun baitulmalin En'e da ke Gidan Adana Takardun Tarihi na Kaduna da hirarrakin 'ya'ya da jikokin ma'aikatan farko a Wusasa da Yadakunya da Garun Gabas. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma tarihin kuɗin mishan ba zai cika ba sai an ji daga bakin waɗanda aka yi rabon a kansu.